Yadda ake haɗa katalis na ƙarfe da kabon a madadin filatinam

Matsalar batirin haidirojin, wato na'urar da ke haɗa haidirojin da oksijin ta ba da lantarki, dai ita ce ɓangaren da iskar oksijin ke komawa ruwa, aikin na da nawa sosai shi ya sa ake zuba filatinam a matsayin katalis, wato abin da ke hanzarta aikin, shi kuma tsada kamar me. To ga hanyar da masu bincike ke bi.

Ka samu gishirin baƙin ƙarfe (iron) kaɗan ka gauraya da ZIF-8, wani garin sinadari wanda yake ɗauke da naitirojin da kabon da zinki. Ka gasa cikin iskar argon wajen digiri 900 zuwa 1000 a ma'aunin Celsius, kar iskar waje ta shiga ko kaɗan don kabon ɗin ƙonewa zai yi. Anan ne abin yake burge ni wallahi, zinki na tafasa a digiri 907, sai ya tashi ya bar ƙananan ramuka, ƙwayoyin zarrar ƙarfen kuma su zauna ɗaiɗai naitirojin huɗu na riƙe da kowace, wurin nan ne oksijin ke aiki.

Sai ka wanke da asid ya cire dunƙulallen ƙarfe, ka sake gasawa.

Wajen gwaji ka duba yawan farogzaid (hydrogen peroxide, sinadarin da ke fitowa idan oksijin bai gama komawa ruwa ba) da katalis ɗin yake fitarwa, shi ke cinye katalis ɗin da wuri.