Yadda ake duba tsayin mai a kofin kafiretar babur

Babur mai shan fetur fiye da kima, fulogi na yin baƙi, mai na ɗiga ta ƙasan kafireta, galibi mai ne ya cika kofin. Idan kuwa yana tafiya lafiya sai an ja totur sosai ya shaƙe, to wataƙila man da ke kofin bai kai ba. Kafin a taɓa jet (ɗan bututun da ke auna man da ke shiga injin) ko sukurun iska, a fara da duba wannan.

Ba sai an kwance komai ba. A nemi siririn tiyo fari wanda ake hango ciki, kamar santimita 20. A kafe babur a miƙe kan ƙasa mai daidai, a kan sitan na tsakiya, injin a kashe kuma ya huce, nesa da wuta da taba. A rufe makunnin mai, a cusa tiyon a bakin magudanar da ke gindin kofi, a lanƙwaso shi sama ya jingina da jikin kafireta. Sannan a buɗe makunnin, a sassauta sukurun magudana. Inda man ya tsaya a tiyo, nan ya tsaya a kofi. A yawancin ƙananan babura yana tsayawa dab da layin da kofi ya haɗu da jikin kafireta, ko ƙasa da shi kaɗan. Ainihin milimitar tana littafin babur ɗin. Kumfar iska a tiyo tana yaudara, a ɗan ƙwanƙwasa ta fita. Kuma kada a riƙa ɗaga tiyon ana saukewa, awon zai tashi sama da gaskiya.

In man bai daina hawa ba, allurar da ke tsayar da shigar mai cikin kofi ce ba ta rufewa. Sau da yawa datti ne, musamman ga mai shan man bumburutu ba tare da filta ba. A cire kofin, a wanke mazaunin allura, a duba bakinta. Idan ya cinye har ya yi zobe, a sauya ta. A girgiza fulot, wato abin da ke tasowa a kan mai a cikin kofi, kusa da kunne: in an ji mai a ciki, ya huje.

Gyaran tsayi yana kan ɗan harshen ƙarfen jikin fulot da ke danna allura. Lanƙwasa shi wajen allura yana rage mai, nesa da ita yana ƙarawa. Kaɗan-kaɗan ake yi, don milimita ɗaya ma tana sauya tafiyar injin, kuma a sake awo da tiyo bayan kowace taɓawa. Fulot ɗin da yake roba zalla ba ya lanƙwasuwa, sabo ake sa masa.