Yadda Za Ka Raba Lokacin Magana Da Yara A Darasin Turanci

Shawarar farko da nake ba kowane malamin Turanci ita ce ya nemi izinin shugaban makaranta, ya ajiye waya a kan tebur, ya naɗi darasi guda daga shiga har fita. In ya samu natsuwa ya saurara da agogo a hannu, yana ƙidaya minti nawa muryarsa ta ci, minti nawa ta yara ta ci.

Abin da zai tarar an daɗe da saninsa. Tun wajen 1970 wani mai binciken harkar koyarwa ɗan Amurka, Ned Flanders, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na lokacin aji magana ake yi, kuma kashi biyu cikin uku na wannan maganar daga bakin malami take fitowa. Mu buga lissafi da darasin minti 45 da yara 30. Magana ta ci minti 30, malami ya ɗauki 20, saura 10. Ko an raba wa yara daidai, kowa sakan 20 zai samu. Kuma ba a rabawa daidai. Yara huɗu ko biyar masu baki ne ke kwashe kusan duka, sauran su tashi ba su furta ko kalma ɗaya su kaɗai ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa yaron da ake cewa ba ya iya Turanci fili ne ba a taɓa ba shi ya gwada ba.

To amma kada a yi gyaran gangar Auzinawa. A wuraren horar da malamai ana yawan cewa malami ya yi kashi 30, ɗalibai su yi 70. Wannan ya fi dacewa da manya da suka riga suka tara kalmomi. Ɗan shekara 5 ko 6 da ya fara kwanan nan ba shi da abin faɗa tukuna, kuma wataƙila bakinka ne kaɗai inda yake jin harshen. Masanin koyon harshe Stephen Krashen ya yi ta nanatawa a shekarun 1980 cewa harshe yana shiga ne ta jin maganar da mai koyo ke fahimta, kuma yara da yawa sukan yi shiru na wani lokaci kafin bakinsu ya buɗe. Hanyar koyar da harshe da wani masani, James Asher, ya ƙirƙiro ma a kan saurare ta ginu: malami ya ba da umarni, yaro ya amsa da jiki, ya tashi, ya zauna, ya taɓa hanci. Don haka in kana ba su labari da hotuna, kana sauya murya, sun zuba maka ido, ci gaba abinka. Sai dai ji kaɗai ba ya wadatarwa. A 1985 wata mai binciken koyon harshe, Merrill Swain, ta yi bayani kan yara a Kanada da suka shekara da shekaru ana koyar da su darussa cikin Faransanci. Suna fahimta sosai, amma da sun buɗe baki sai a ga giɓi a nahawunsu, ta kuma danganta haka da ƙarancin damar yin doguwar magana.

Saboda haka, in ka tashi rage maganarka, duba wace irin magana ce ke cin lokacin.

Babban ɓarawon lokaci shi ne dogon bayani kafin aiki. Maimakon ka bayyana wasa, yi shi a gabansu. Kira yaro ɗaya, ka ɓoye katin hoto a bayanka, ya tambaye ka “Is it a cat?”, ka ce “No, it isn't.” Ku sauya. Sannan yara biyu su yi kana gefe. Cikin minti ɗaya kowa ya gane. In dole sai umarni da baki, kada ya wuce kalma huɗu ko biyar, kuma ka riƙa amfani da kalmomi iri ɗaya kullum har su zame musu jiki. Kada ka raba takardu sai ka gama nuni, don da takarda ta shiga hannun yaro kunnensa ya bar ka. Tambayar “kun gane?” kuwa ka ajiye ta, kowa “e” zai ce. Ka ce wani ya fara, nan za ka gani.

Ɓarawo na biyu shi ne maimaita amsar yaro. Yarinya ta ce “It's blue” ƙasa-ƙasa, kai kuma ka ɗaga murya ka sake faɗa wa aji. Ka koya musu ke nan cewa ba sai sun ɗaga murya ba, ba kuma sai sun saurari juna ba. Mun saba matsowa kusa da mai ƙaramar murya, alhali matsowar ce ke ƙara sa ta yi ƙasa. Ja da baya zuwa ƙarshen aji, ka kai hannu kunne, ka yi mata murmushi. Za ta sake faɗa da ƙarfi.

Wanda ya fi wuya shi ne jira. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna darussan kimiyya, ta tarar malamai kan jira kusan sakan ɗaya kacal bayan tambaya kafin su sake magana. Da aka kai jiran sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ke amsawa suka ƙaru. Yaron da ke lalubo kalma a baƙon harshe ya fi buƙatar wannan jiran. Ni nakan ƙirga biyar a zuci. Shirun zai yi maka nauyi da farko, har ka ji kamar darasin ya tsaya. Daure. A cikin shirun nan ne yaron ke harhaɗa jimlarsa.

Duk da haka, ko ka kame bakinka gaba ɗaya, muddin yaro ɗaya ne ke magana a lokaci guda, rabon kowa ba zai taka kara ya karya ba. Dole bakuna da yawa su buɗe tare. In ka sa su aiki bibbiyu na minti 4, kowa ya samu minti 2, wato ninki shida na sakan 20 ɗin can. Amma kada ka jefa su kai tsaye. Ga matakan da nake bi: aji duka su faɗi jimlar baki ɗaya, sannan rabin aji ya tambayi ɗaya rabin, sannan kowa ya juya ga na kusa da shi. Jimlar tana rubuce a allo da gurbi a ciki, kamar “I can see a …”, don wanda ya manta ya ɗaga kai ya gani.

Bari in tsaya kan amshi, don yana ruɗin mu malamai. Aji ya ɗauka da ƙarfi, ka ji daɗi, ka ɗauka an yi magana. Amshi yana gyara lafazi, yana kuma ba mai kunya mafaka, amma yaro na iya maimaita jimla sau goma zuciyarsa na waje. Magana ta gaskiya tana farawa ne in yaro yana da zaɓi, kuma abokinsa bai san amsar ba. Ba su hotuna biyu masu kama da juna da bambanci uku ko huɗu, su nemo da tambaya ba tare da leƙe ba. Ko kowa ya zana dabba, ya ba ta launi, abokinsa ya cinka. Ka kuma bar su su riƙa yi maka tambaya, domin a yawancin ajujuwa malami ne kaɗai ke tambaya, sai yara su girma sun iya amsa ba su iya tambaya ba.

Hayaniya za ta tashi, ba makawa. Tun ranar farko ku yi yarjejeniya kan alamar tsayawa, tafi uku ko ɗaga hannu, ku gwada ta har ta zauna. Ga ƙanana, minti 2 ya isa, sai a sauya aboki a sake.

Yayin da suke aiki, zagaya ka saurara, ka riƙe bakinka. In ka ji kuskure kada ka katse yaro a tsakiyar jimla. Rubuta kurakurai biyu da suka fi yawa, ku gyara tare a ƙarshe ba tare da ambaton sunan kowa ba. Mai yawan shiru kuwa kada ka tsayar da shi gaban aji. Haɗa shi da aboki mai haƙuri, ya fara faɗa masa a kunne, ko ka ba shi 'yar tsana ta yi magana a madadinsa. In ka ji ya faɗi jimlar daidai ga abokinsa, raɗa masa cewa shi za ka kira in an dawo, don ya shirya.