Yadda ake gane matsalar jakar abinci a kaza da yadda ake magance ta a gida

Kusan duk sabon mai kiwon kaji sai ya yi wannan firgitar. Ya ɗauki kaza da yamma, hannunsa ya taɓa wani ƙullutu a gindin wuyanta, ta ɓangaren dama na ƙirji, sai hankalinsa ya tashi ya ce ƙari ne ya fito mata. Kafin gari ya waye an ɗura mata mai, an matse ta, an juya ta kai ƙasa, alhali lafiyarta ƙalau, ƙoshi kawai ta yi. Wannan ƙullutun jakar abincinta ce. A cikinta take tara abin da ta tsattsaga da rana ya jiƙa, sannan ya riƙa gangarawa kaɗan-kaɗan zuwa ciki da ƙundu. Kaza mai lafiya takan kwanta jakar a cike, ta tashi da safe babu komai a ciki. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta yi wa lafiyayyun kaji magani, marasa lafiyar kuma su wuce masa a kan ido.

Gwajin safiya

Kada ka yanke hukunci da rana ko da yamma. Idan kana zargin wata kaza, ka jira duhu ya yi, ka kwashe abinci da ruwa daga inda take kwana. Kaji ba sa ci ba sa sha a cikin duhu, don haka ba ka cuce ta ba. Da asuba, kafin ta sa komai a baki, ka ɗauke ta ka rungume ta a gefen jikinka, fukafukai a rufe, kai a sama. Ka zura yatsu ƙarƙashin gashin gindin wuya ta dama. Idan wurin ya lafe, ba ka jin komai sai fata da ƙashin ƙirji, ka sake ta ta tafi, jakarta na aiki. Ka mayar da ruwan nan take.

Ni dokata ita ce a taɓa kaza biyu ko uku masu lafiya a wannan safiyar kafin a taɓa wadda ake zargi. Hannu ba ya gane abin da ya lalace sai ya san yadda mai kyau yake. Kuma ka dubi ƙasan inda ta kwana. Kazar da abinci ke wuce mata takan bar kashi mai yawa a dare ɗaya. Idan ka ga ɗan kaɗan ne, ko ruwa-ruwa mai kore, abinci ba ya sauka.

Akwai alamun da ake gani tun daga nesa: ta ware kanta, ta takure, gashi ya tashi, tana miƙa wuya tana karkaɗa shi gefe da gefe tana son abin ya wuce. Ƙwai ya tsaya. Idan ka shafa ƙirjinta ka ji ƙashin ya fito da kaifi, ta daɗe tana ramewa a ƙarƙashin gashi ba ka sani ba.

Abin da hannunka ya ji

Idan jakar ba ta sauka ba, abu uku ne ake bambancewa, kuma maganin ɗaya yakan ɓata ɗayan.

Na farko toshewa. Za ka ji dunƙule mai tauri, ko mai ɗan danƙo wanda in ka danna yatsa wurin ya lotsa ya zauna haka. Wani lokaci har kana jin zare-zaren abin a ƙarƙashin fata. Doguwar ciyawa ce ta fi jawo shi, musamman wadda aka yanko aka zube musu. Kaza in tana kiwo da kanta tana tsinke kan ciyawar ne guntu-guntu, domin saiwar na riƙe da ita a ƙasa. Wadda aka yanko kuwa sai ta zuƙe ta da tsawonta, ta je ta nannaɗe a ciki. Bayan ciyawa sai zaren buhu, leda, gashin 'yan'uwanta, da shimfiɗar akurki irin su garin katako, wanda kaza mai jin yunwa kan cika ciki da shi.

Na biyu tsami. A nan jakar ta kumbura amma da laushi, kamar balan-balan da aka cika da ruwa, in ka taɓa kana jin abin yana motsi har da ɗan ƙugi. Ka buɗe bakinta ka shinshina, warin tsami zai buge ka. Wani lokaci ruwa mai wari na zubo mata ta baki idan ta sunkuya. Abincin ne ya daɗe a wuri ɗaya ya fara ruɓewa, wata fumfuna da ake kira kandida ta samu wurin yaɗuwa. Ka haska cikin bakin da tocila, wani sa'in za ka ga farare-fararen tabo. Yana yawan biyo bayan toshewar da ba a lura da ita ba, ko abinci mai fumfuna, ko kuma bayan an daɗe ana zuba wa kaji antibayotik a ruwa.

Na uku saki. Jakar ta buɗe ta yi nauyi har naman da ke matse ta ya gaji, sai ta riƙa reto a gaban ƙirji idan kazar na tafiya. Irin wannan kazar na iya ci gaba da ci kamar ba komai, tana ramewa.

Ware ta tukuna

Ko wanne ne daga ciki, ka raba ta da sauran. Keji ko kwali mai faɗi ya isa, a wuri mai inuwa da iska, ba sai ka sayi komai ba. Ka shimfiɗa tsohon tsumma ko takarda, domin ba a so ta samu abin da za ta tsattsaga, kuma kana son ganin kashinta sarai. Ka ajiye mata ruwa mai tsabta koyaushe. Abinci kuwa ka tsayar da shi na awa 12 zuwa 24. Kada ya wuce haka, kuma kazar da ta riga ta rame sosai ba a kai ta ƙarshen wannan lokacin.

Tausa da mai, inda aka fi kashe kaji

A nan nake so ka nutsu, domin kajin da na ga sun mutu a hannun masu su a wannan matakin suka mutu, kuma cikin ƙanƙanin lokaci.

Ka buɗe bakin kaza ka duba bayan harshenta. Akwai wata 'yar ƙofa a tsakiya da ke buɗewa tana rufewa da numfashi. Hanyar iska ke nan, kai tsaye zuwa huhu. Hanyar abinci tana can bayanta. Duk ruwan da ka tura da ƙarfi, ko wanda ya taso daga jaka ya cika baki, wannan ƙofar zai fara tararwa. Kaza kuwa ba ta iya yin tari mai ƙarfin da zai fitar da shi. Ruwa in ya shiga, ko ta shaƙe nan take, ko ta kwana biyu tana numfashi da ƙara sannan ta tafi. Mai ya fi ruwa muni a huhu.

Saboda haka shawarar nan da ake yawan bayarwa, wai a riƙe kaza kai ƙasa a matse jakar ta amayar, ni ban yarda da ita ba ko kaɗan. Na san akwai waɗanda suka yi suka dace. Na kuma ga wadda aka juya tana da rai, ruwan ya kwararo ta baki da hanci, ta buga fukafukai sau biyu, aka miƙar da ita wuya ya riga ya saki. Mai ita kuwa taimako ya yi niyya. Idan jakar ta cika da ruwa har sai an zuƙe shi, likitan dabbobi yana da siririn tiyo da yake zurawa ya wuce ƙofar iskar, wannan aikinsa ne.

Ga yadda ake yi wa mai toshewa. Ka zauna, ka ɗora ta a cinya a tsaye, kanta sama. In tana fizge-fizge ka naɗe ta da tawul. Ka ba ta ruwa mai ɗumi-ɗumi da sirinji marar allura, amma ɗigo-ɗigo a gefen baki, ka bari ta haɗiye da kanta kafin ka ƙara. Idan ta daina haɗiya, ka daina. Mai kuma kada ya wuce cokalin shayi ɗaya na man girki, kuma na fi son a cuɗa shi da ɗan jiƙaƙƙen abinci kaɗan ta ci da bakinta, ya fi ɗurawa aminci nesa ba kusa ba. Ka jira minti goma ya ratsa. Sannan ka sa yatsu uku ka riƙa murza dunƙulen a hankali, kana zagayawa, kana neman ya farfashe. Ka nufi ƙasa da shi. Kada ka tura sama wajen maƙogwaro, kada ka damƙe da tafin hannu. Minti uku zuwa biyar ya isa, sau uku ko huɗu a yini. Da zarar ka ga ruwa ya taso bakinta, ka cire hannu ka bar ta ta daidaita numfashi.

Masu gaggawa sukan so su ga dunƙulen ya ɓace a zama ɗaya. Ba ya yi. Abin da kake nema shi ne gobe da safe ya fi yau laushi da ƙanƙanta, kashi kuma ya fara fitowa, sau da yawa da guntayen ciyawa a ciki. In ka ga haka kana kan hanya, ka ci gaba.

Mai tsami

Wannan ba a ba ta mai, kuma ba a yi mata tausa mai ƙarfi, domin ruwa ne a ciki kuma sama zai yi. Bayan an tsayar da abinci, maganin da ke kashe fumfunar shi ne nistatin, na sha, kuma likitan dabbobi ne zai auna maka gwargwadon nauyin kazar da kwanakin da za ta yi tana sha. Ka tambaye shi har da batun cin ƙwanta a lokacin. Kada a katse maganin don an ga ta warware a kwana na biyu, tsamin yana dawowa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ɗauko ragowar antibayotik a zuba mata. Antibayotik ba ya taɓa fumfuna, sai ma ya kashe ƙwayoyin da ke danne ta, abin ya ƙara yaɗuwa. Kuɗi ya tafi, kaza ta ƙara shiga wahala. Ruwan khal na tuffa da ake ɗan ɗigawa a ruwan sha ba shi da tsada, amma ban ɗauke shi magani ba idan tsamin ya riga ya kama, kuma ba a zuba shi a mazubin ƙarfe domin yana cin ƙarfen.

Lokacin da za ka daina gwadawa a gida

Awa 48 nake ba kaina. Idan dunƙulen bai motsa ba, ko kashi ya tsaya gaba ɗaya, ko kazar ta kasa tsayuwa, ko numfashinta ya fara ƙara, a kai ta wurin likita. Toshewar da ta ƙi tausa ana buɗe jakar a kwashe a ɗinke, fata daban jaka daban, kuma kaji kan warke daga wannan aikin idan ba a makara ba. Kada ka ɗauki reza ka gwada. Na san wani zai lissafa kuɗin likita ya ga ya kusa kuɗin kazar. In haka ne kuma ba za a kai ta ba, kada a bar ta ta yi kwanaki tana mutuwa da yunwa, a hutar da ita.

Idan kuma kaza ɗaya ce ke ta maimaita matsalar, ko kaji da yawa a lokaci guda, to jakar tana nuna wani ciwon ne a wani wuri. Tsutsar ciki na yin haka, har akwai siririyar tsutsa da ke zama a bangon jakar kanta, ana kashe ta da maganin tsutsa irin su fenbendazol. Wata cutar kaji da ake kira Marek na taɓa jijiyar da ke motsa jakar. Ƙari ko ruwa a cikin tsohuwar kaza mai ƙwai yakan danne hanji abinci ya kasa wucewa, don haka ka shafa ƙasan cikinta ka ji ko ya kumbura. Idan ka ga wani abu rawaya-rawaya ya manne a cikin baki ko maƙogwaro, wannan wata cutar ce daban da ake yawan ɗauka daga tattabaru a wurin shan ruwa, maganinta ma daban.

Mai sakin jaka ba ta cika komawa daidai ba. Ana ɗinka mata ɗan ɗamara na yadi mai talewa da zai tallafe jakar a ƙirji, a riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a duba ƙarƙashin ɗamarar kada ta goge mata fata.

Komawa ga abinci

Ranar da ka tarar da jakar ta lafe da safe, ka fara da abincinsu na kullum da aka jiƙa ya yi laushi, ko dafaffen ƙwai da aka murmushe, cokali biyu-biyu sau huɗu a yini. Babu tsaba, babu ganye, har kwana uku. In safiya uku a jere ta tashi ba komai a jakar, ta koma cikin 'yan'uwanta.

Sauran kuma ka ajiye musu ƙananan tsakuwa a wani mazubi daban, musamman waɗanda ke kulle ba sa fita, domin da ita ƙundu ke niƙa. Ɓawon kawa da ake ba masu ƙwai narkewa yake yi, ba ya maye gurbin tsakuwa. Ciyawar da za ka zuba musu ka yayyanka ta kada ta wuce tsawon gaɓar yatsa. Ka tsince zaren buhu da leda daga inda suke kiwo, ka zubar da duk abincin da ya jiƙe ya dunƙule, ka wanke mazubin ruwa kullum. Kada ka bar su da yunwa ko ƙishirwa tsawon yini sannan ka zube musu abinci da yawa lokaci ɗaya, a irin wannan haɗamar ce jaka ke cika fiye da ƙima. Sau ɗaya a mako, lokacin buɗe akurki, ka taɓa ƙirjin kowacce kafin ka zuba abinci.