Kurakuran da Ke Kayar da Matasa a Tseren Keken Duwatsu

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaita kansa. Duk kakar tsere sai sababbin yara sun shigo, 'yan shekara 17 da 18, ajin da hukumar kekuna ta duniya UCI ta ware wa matasa, su zo da ƙarfinsu da ɗokinsu, su tafka irin kuren da na gabansu suka tafka bara, wani lokaci ma a kan dutse ɗaya. Ƙarfi kam akwai shi. Amma yaron da zai hau tudu sau goma a wurin atisaye bai ce wash ba, shi ne za ka tarar a zagaye na uku yana tura keke da hannu. Abin da zan faɗa a nan shi nake yi da yaran da nake horarwa. Wani mai horarwar ya ga daban, ya yi nasa.

Na farko, kuma wanda ya fi ƙona mini rai, raina duba hanya. A wannan tsere zagaye ɗaya yakan kai kilomita 4 zuwa 6, matasa kuma sukan yi awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata suna yi. Ke nan kowane dutse, kowace saiwar itace, kowace kwana, sai ka bi ta kanta sau huɗu ko biyar, kuma a gajiye. Amma sai yaro ya zo ranar jajibiri, ya zaga sau ɗaya cikin abokai ana hira ana dariya, ya dawo ya ce, "Malam, na ga hanya." Me ka gani? Bayan rigar na gabanka ka gani.

A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Mathieu van der Poel ɗan ƙasar Holan yana cikin waɗanda ake sa ran za su ɗauki zinare. Akwai wani dutse da ake dirowa daga kansa, a lokacin atisaye an jingina masa katako don a riƙa gangarowa a hankali. Ranar tsere aka cire katakon. Shi kuwa ya taho da zaton yana nan, tun a zagayen farko ya kifa, daga baya ya janye, ya yi watanni yana fama da ciwon baya. Idan rashin sanin abin da ya canja a kan hanya zai yi wa gwani irin wannan haka, kai da ka fara jiya fa?

Ni wannan kuren ya raba ni da yaron da ya fi kowa hazaƙa a cikin waɗanda na taɓa riƙewa. Akwai wata gangara mai hanya biyu: ta dama gajera ce, a kan falalen dutse, ta hagu tana da ɗan zagaye amma ƙasa ce. Ranar jajibiri dutsen a bushe yake, ya sauka lafiya. Da dare aka yi ruwa. Da safe na ce masa, "Ɗana, tashi mu je mu sake duba dutsen nan." Ya ce, "Haba Malam, ai jiya na bi." Ya zauna yana goge keke. A zagaye na biyu, bayan tayoyin mutane sun kwaso laka sun shafe dutsen, ya shigo da gudu, ya ji santsi, ya damƙe birkin gaba. Ina tsaye ina kallo tayar ta zame, kafaɗarsa ta fara sauka kafin komai. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. A asibiti mahaifiyarsa ba ta ce mini uffan ba, amma tun daga ranar bai sake hawa keken tsere ba. Ta hagun nan da ya raina, sakan uku ko huɗu kawai za ta ci masa.

Yanzu doka ce a wurina. Zagayen farko da ƙafa ake yin sa, keke a ajiye. Ka tsaya a kan kowane wuri mai wuya, ka sa hannu ka taɓa dutsen, ka ga inda taya za ta sauka da inda za ka fita. Sannan ka hau a hankali. Wurin da ba ka wuce shi sau uku a jere ba tare da sa ƙafa ƙasa ba, ranar tsere ka bi ta mai sauƙin, kuma ba na sauraron roƙo. Ka lura da wuraren da hanya ta buɗe, don a nan ake wuce mutum. Safiyar tsere a koma a duba, a tambayi alƙalan wasa ko an canja wani abu. Gani ya kori ji.

Na biyu shi ne ƙone kai a zagayen farko. Gaskiya ne farkon tseren nan da gudu ake yin sa. Ana jera mahaya ne bisa makin da suka tara, sabon shiga a baya yake tsayawa, kuma cikin ɗan lokaci faffaɗar hanya za ta tsuke ta zama ta mutum ɗaya. Wanda ya yi sanyi a nan zai maƙale a bayan masu tura keke. To amma gudun nan na minti ɗaya ne ko biyu. Yaranmu sai su ɗauke shi har ƙarshen zagaye, su biyo waɗanda suka fi su shekara biyu a harkar, idanu sun yi ja, baki a buɗe. Daga zagaye na uku cinya ta ɗaure, hannu ya fara rawa a kan birki, sai kurakurai a gangara su fara. Sauri ya haifi nawa.

Kuma a manyan gasanni akwai dokar kashi 80: idan tazarar da ke tsakaninka da wanda ke kan gaba a tseren ta kai kashi 80 cikin 100 na lokacin da ya yi zagayensa na farko, za a fitar da kai. Idan ya yi shi a minti 15, ka bari ya ba ka minti 12, tserenka ya ƙare ko da kana da sauran numfashi. Yawancin yaran da na ga an fitar, a zagayen farko suna cikin goman farko.

Maganina agogo ne. Ina tsayawa a bakin layi da takarda ina rubuta lokacin kowane zagaye, bayan tsere in miƙa wa yaro ya karanta da bakinsa. Idan zagayen ƙarshe ya fi na biyu daɗewa da sama da minti ɗaya, to a farkon ne ya yi ɓarnar. Kafin a tashi kuma sai ya ɗumama jiki na minti 20, da ɗan gudu mai ƙarfi sau biyu ko uku a ciki, don kada harbin tashi ya same shi da ɗanyen jiki. Ku dubi Tom Pidcock ɗan Birtaniya a Olamfik ta Paris a 2024: tayarsa ta yi faci yana kan gaba, ya rasa fiye da rabin minti, bai haukace ba, ya riƙa cin tazarar zagaye bayan zagaye har ya wuce Victor Koretzky na Faransa a na ƙarshe.  Mutumin da ya ƙarar da komai a minti goman farko ba shi da abin da zai dawo da shi idan ƙaddara irin wannan ta faɗo.

Sai iskar taya. Yaro ya kai keke wurin mai faci a bakin titi, a danƙara masa iska har taya ta zama kamar ƙwallon goruba, yana murna wai za ta fi gudu. A kan kwalta ne take gudu. A kan duwatsu tsalle za ta yi ta yi, a kwana kuma ta zame. Ga yaro mai nauyin kilo 60 zuwa 65 a kan taya mai faɗin inci 2.3 ko 2.4 marar tiyub, ina farawa daga psi (awon ƙarfin iskar taya) 20 a gaba, 22 a baya, in ƙara ko in rage bisa yanayin hanya. Mai tiyub a ciki ya ƙara kaɗan, don kada dutse ya matse tiyub ɗin da wili ya huda shi. Inda ƙaya ta yi yawa, taya marar tiyub da ruwan toshe huda ta fi komai. Ka sayi ma'aunin iska kafin ka sayi tabarau. Latsawa da babban yatsa ba awo ba ne.

Iyaye, ku ma ina da magana da ku. Alhaji, na san kana son ɗanka, amma idan sarƙarsa ta faɗi a tsakiyar daji ka ruga ka gyara masa, ka jawo a cire shi daga tseren. Taimako da miƙa ruwa a wurin da aka keɓe kaɗai aka yarda da su, ko'ina kuma shi zai yi da hannunsa. Maimakon ihun "Wuce shi! Wuce shi!" a kan gangara, ka zaunar da shi a tsakar gida ya koyi mayar da sarƙa da toshe faci har hannunsa ya saba. Kuma keken miliyoyi ba ya koya wa yaro shiga kwana.

Sauran ƙanana ne. Kada a gwada sabon abu ranar tsere, ko takalmi ne, ko sirdi, ko abinci. A ci abinci awa uku kafin a tashi, a riƙa kurɓar ruwa mai ɗan sukari da gishiri kowane zagaye, kada a jira ƙishi. Birki da yatsa ɗaya, kuma kafin kwana ake kama shi. Ido a kan inda kake son zuwa, don dutsen da ka ƙura wa ido shi za ka buga. A canja giya kafin a shiga hawa. Baƙin man mota a kan sarƙa yashi yake tarawa, balle da hunturu. Hular kwanon da ta taɓa buguwa da ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba.

Atisaye mai zafi kullum kuskure ne. Yarana sau biyu a mako suke yin mai tsanani, sauran a hankali, rana ɗaya kuma ba a taɓa keke. Wanda zai fita kan titi kuwa ya tuna da Burry Stander na Afirka ta Kudu, zakaran duniya na 'yan ƙasa da shekara 23 a 2009, wanda motar haya ta buge shi yana atisaye a watan Janairun 2013 ya mutu. Ba na barin yaro ya hau babban titi shi kaɗai, ba na barin abin jin waƙa a kunne, kuma kowa ya shiga gida kafin magariba.