Yadda ake zaɓen bulon akirilik na buga hatimi, da aiki da shi, da ajiyarsa

Bulona na farko bai cika sati uku a hannuna ba na kashe shi da kaina. Ina cikin buga tambarin turaren wutata a kan 'yan katunan da nake ratayawa a wuyan kwalabe, sai baƙar tawada ta ɓata gefensa. Na miƙa hannu na ɗauko ruwan goge jan farce, na tsiyaya a auduga, na murza. Tawadar ta fita kam, amma wurin ya yi fari dishi-dishi kamar an shafa masa koko ya bushe. Na wanke, na goge, na hura masa iska, ina! Tun daga ranar ban sake ganin takarda ta cikinsa ba. Bulon da ba a gani ta cikinsa kuwa ba shi da maraba da guntun katako.

Ga wadda ba ta taɓa riƙe shi ba, ga yadda abin yake. Hatimin da muka saba gani a ofis, robarsa manne take da mariƙi, ba a raba su. Na masu aikin kati da ado daban ne: ana sayar da shi falle-falle, roba ce mai laushi garau kamar ruwa, ba ta da mariƙi. Sai kin ɗora ta a kan bulon akirilik, ta lafe a jikinsa ba tare da gam ba, ki buga, ki ɓare ta, ki ɗora wata. Bulo ɗaya zai yi wa hatimi ɗari aiki. Kuma da yake su biyun duka garau suke, kina kallon daidai inda rubutun zai sauka kafin ya taɓa takarda.

Shi akirilik ɗin ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne abin da masu yin allunan talla ke kira Perspex, sunan da kamfanin ICI na Ingila ya raɗa masa a 1934, shekara guda bayan kamfanin Röhm na Jamus ya fito da nasa da sunan Plexiglas. Haske kusan kashi 92 cikin 100 yake ratsa shi, nauyinsa kuma bai kai rabin na gilashi ba, in ya faɗi ba kasafai yake tarwatsewa ba. Rauninsa biyu ne, kuma su ne za su yi ta dawowa a wannan bayani: yana ƙarcewa da sauri, kuma ba ya shiri da wasu sinadaran goge-goge.

Matakin farko: zaɓe

Kada ki fara da sayen saiti mai guda goma. Ki fito da hatiman da kike da su tukuna, ki auna su da rula. Ƙa'idar ita ce bulo ya ɗan fi hatimi girma kaɗan, kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya ta kowane gefe. In ya fi haka da yawa, matsala biyu za ki gamu da su. Ta farko, lokacin shafa tawada, soson zai taɓa filin da ya rage, in kika zo bugawa hannu ya ɗan karkata, sai gefen bulon ya bar miki baƙin layi a kan katin da kika gama wahala a kansa. Ta biyu, ƙaramin hatimi a tsakiyar ƙaton bulo rawa yake yi, kamar an ɗora faranti a kan tsakuwa ɗaya. In kuma bulon ya yi wa hatimi kaɗan, bakin da ya leƙo waje ba zai sami danni ba, ba zai fito ba.

A ganina guda uku sun ishi mai farawa. Ƙarami mai kimanin santimita 5 kowane gefe, na 'yan furanni da tambari. Matsakaici, kamar 7 da 10, wanda shi za ki fi ɗauka. Sai dogo siriri, kamar 4 da 15, na rubutu mai layi ɗaya, irin su Barka da Sallah ko Mun gode. Nawa dogon nan shi ya fi kowane shan aiki lokacin biki.

Kauri ma abin dubawa ne. Mai santimita ɗaya zuwa rabin inci shi ne daidai: yatsu na samun wurin kamawa, kuma ba ya lanƙwasa in an danna. Akwai sirara masu milimita 3 ko 4 da ake haɗowa kyauta cikin fakitin hatimi masu araha. Da su yatsunki za su riƙa dangwalar tawada suna kai wa takarda. Ki duba gefe kuma. Wasu an yi musu kwarmi ko 'yan gurabun yatsu, wasu an daddatse bakin kamar igiyar ruwa. In za ki buga kati ɗari biyu a zama ɗaya, a nan za ki san amfaninsu.

Sai maganar layuka. Bulo mai layukan awo a jiki yana taimakawa ƙwarai wajen miƙe rubutu. Ki sa farce ki ji: in zanen sassaƙa shi aka yi a jiki, zai daɗe, in fenti aka buga a sama, wanki zai cinye shi a hankali. Na furanni da ado ba ya buƙatar layi ko ɗaya, har ma na fi son sa wayam.

Wadda ba ta sami na kanti ba, ko kuɗin odarsa ya yi mata yawa, ta je wurin masu allunan talla ta nemi ragowar yanka. Ta ce mai kauri take so, milimita 8 ko 10, fari garau marar launi. Kada a ɓare takardar da ke lulluɓe da shi sai an gama yanka da gyara, sannan a bi bakin da samfefa mai laushi a kashe kaifin kusurwa, don sabon yanka yana tsaga yatsa. Kafin ki biya, ki kwantar da shi a kan gilashin teburi ki danna kusurwoyi huɗu. In ya yi motsi, ba a miƙe yake ba, a canza miki.

In hatiminki ya fi tafin hannu faɗi, ki haƙura da bulo. Hannu ba ya iya raba danni daidai a kan fili mai yawa, kullum tsakiya ce ke fitowa a kodaɗɗe. Irin wannan aikin na allon bugawa mai murfi ne, kamar MISTI, wanda maganaɗisu ke riƙe takarda a ciki, ki rufe ki buɗe, in bai fito ba ki ƙara tawada ki sake bugawa a daidai wurin.

Mataki na biyu: ɗora hatimi

Yawancin masu farawa suna ɗaukar hatimi da yatsu su liƙa a bulo. Ga ƙaramin fure ba laifi. Amma dogon rubutu roba ce mai miƙewa, in kika liƙa da hannu sai ya fito a gantsare kamar baka, ke kuma ba za ki lura ba sai ya hau takarda. Abin da za ki yi, ki kifa hatimin a kan takarda mai layi, fuskar zanen tana ƙasa, bayansa mai santsi yana sama. Ki bar shi ya kwanta da kansa yadda aka ƙera shi. Sannan ki kawo bulon daga sama, ki daidaita layinsa da na takardar, ki danna. Zai ɗauke shi a miƙe.

In sabo ne fil, akwai ɗan maiƙon masana'anta a fuskarsa da ke sa tawada ta dunƙule ɗigo-ɗigo. Ki wanke shi da ruwan sabulu, ko ki bi fuskar da farin magogin fensir a hankali, ki buga sau uku ko huɗu a takardar banza. Masu araha na silikon sun fi yin wannan halin, kuma sun fi saurin zamewa daga bulo.

Za ki iya jera ƙananan hatimai biyu ko uku a bulo ɗaya ki buga su tare, misali suna a sama, fure a ƙasa. Sharaɗin kawai kaurinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba gajeren ba zai taɓa takarda ba.

Mataki na uku: tawada da bugu

Ki kwantar da bulon a teburi, hatimi yana kallon sama, ki kawo soson tawada gare shi. Daddaɓawa ake yi a hankali, taf-taf-taf, ba a murzawa, ba a luma shi ciki. Ki ɗaga shi wajen haske ki ga ko ko'ina ya yi sheƙi. In tawada ta taɓa filin bulo, ki share da ɗan ƙyalle yanzu, kafin ta kai ga kati.

Hatimi garau ba shi da katifa a bayansa kamar na katako, saboda haka ki shimfiɗa wani abu mai ɗan taushi a ƙarƙashin takarda. Siririn soso ko tsohuwar mujalla ya isa.

Ga wani abu da na daɗe ban gane ba. Ina daidaita rubutu sarai a ido, in buga, sai in ga ya goce sama da kamar milimita biyu. Ashe daga zaune nake leƙe ta gefe, kaurin bulon kuma yana karkatar da gani, kamar yadda cokali ke bayyana a karye cikin kofin ruwa. Ki miƙe tsaye, ki sa idonki daidai saman bulon, ki sauke shi a tsaye cak. Ki danna da yatsu a tsakiya da gefuna, ki ƙirga zuwa biyar, ki ɗaga sama kai tsaye. Kada ki jijjiga shi gaba da baya, kada kuma ki hau shi da ƙarfinki duka. Robar laushi gare ta, in ta sha danni sai ta baje, siraran haruffa su kumbura, cikin "a" da "o" ya toshe.

Af, bulon yana da wani amfanin. Ki goga masa tawada mai narkewa a ruwa, ki fesa ruwa kaɗan, ki kifa a kan kati mai kauri. Zai bar wani launi mai gajimare-gajimare da za ki buga rubutu a kai in ya bushe.

Mataki na huɗu: wanki

A nan ake asarar bulo. Ruwa mai ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke, da tafin hannu ko ƙyalle mai laushi, shi ke nan. A ɗauraye, a tsane da tsohuwar rigar auduga mai tsabta. Ba a sa soson ƙarfe, ba a sa garin goge tukunya, ba a zuba masa tafasasshen ruwa, don wajen digiri 100 akirilik yake fara laushi.

Ruwan goge jan farce, da tina, da fetur, duk narkar da fuskarsa suke yi. Ruwan goge gilashin taga mai amoniya yana dusashe shi sannu a hankali. Sifirit da man tsabtace hannu su ne masu yaudara: za ki goga sau ɗaya, sau biyar, ba ki ga komai ba, wata rana ki wayi gari gefen ya cika da 'yan tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo. Wanda aka yanka da na'urar leza ya fi saurin yin haka, domin zafin yankan ya bar bakin a takure. Na san masu aiki da yawa suna goge nasu da sifirit suna cewa lafiya lau. Ni dai na daina.

Tawada mai kama roba da ƙarfe, irin StazOn, ita ce ke barin tabo mai naci. Maganinta kada a bari ta bushe a kan bulo. In kuma tabon ya riga ya zauna a gefe inda ba ya tare gani, ki ƙyale shi. Haka shi ma hatimin, zai rine ya koma ja ko toka-toka bayan 'yan bugu, wannan ba lalacewa ba ce, bugunsa na nan yadda yake. Danƙon salatif kuwa, ɗigon man girki yana ɗaga shi, sai a bi da sabulu sosai, don ko ɗan maiƙo ya rage hatimi ba zai kama ba.

In hatimi ya fara faɗowa daga bulo, kada ki nemi gam. Ƙura ce da maiƙon hannu. Ki wanke bayansa da fuskar bulon, ki bar su su sha iska su bushe, kamun zai dawo.

Mataki na biyar: ajiya

Akirilik in aka goge shi a bushe yana jan ƙura, kamar yadda biro ke ɗaukar guntun takarda in an goga shi a gashi. Lokacin hunturu, bulon da aka bari a buɗe da safe, kafin la'asar ya yi fari. Ƙurar nan kuma yashi ne mai laushi, in kika share ta da busasshen tsumma kin yi wa bulon samfefa da hannunki. Ki fara ɗauraye shi da ruwa, ko ki hure, kafin ƙyalle ya taɓa shi.

Kada a jibge su a durowa ɗaya da almakashi, reza da makullai. Nawa a cikin robar abinci mai murfi suke, a tsaye gefe da gefe kamar littattafai, da guntun yadi tsakanin kowane biyu. Wadda za ta fita da su wurin aiki, tsohuwar safa mai tsabta ta isa riga ga kowane ɗaya.

Ki ɓare hatimi da zarar kin gama, ki mayar da shi kan ledarsa mai kauri da ya zo da ita, ki sa a ambulan ko jakar leda mai zif. Shi bulon rana ba ta cika damunsa ba, amma hatimin tana sa shi ya yi rawaya ya taurare, don haka nesa da taga, nesa da cikin mota da aka rufe da tsakar rana.

Ƙananan ƙarce da ba sa kama farce ana iya rage su. Ki ɗiga farin man goge baki a ƙyalle mai laushi, ki murza a zagaye na minti biyu ko uku, ki ɗauraye, ki duba a haske, ki maimaita in da buƙata. Akwai man goge roba na musamman, irin Novus, in kin samu ya fi. Wanda ya yi zurfi har farce na maƙalewa ba ya fita. Irin wannan bulon sai ki juya shi, ki riƙa ɗora hatimi a ɗaya fuskar, ko ki mayar da shi na dama launi. Nawa na farkon nan da ya yi fari, aikin da yake yi ke nan har yau.