Kafin ka ce huhun mutum ya gaza, duba da wa aka gwada shi

Na'urar awon huhu ba ta san majinyacinka ba. Iskar da ya hura take aunawa, sannan ta gwama da abin da ake sa ran mai shekarunsa, tsawonsa da jinsinsa zai hura. A wannan lamba ta biyu ake yawan yin ɓarna a takardun da ake kawo mini ɗakin awo.

Fara buɗe saitin na'urar ka ga wane lissafi aka ɗora mata. Tsofaffin da suka zo daga Turai sukan zo da na 1993, wanda aka gina a kan manyan Turawa. Na Amurka kuwa sukan zo da NHANES III na 1999, wanda aka gina a kan binciken lafiyar Amurkawa. Wasu ma da ka zaɓi baƙar fata sai su zabtare kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari daga abin da ake sa rai, ka ga mai ciwo ya fito fes a takarda. GLI na 2012, wato lissafin da masana huhu na ƙasashen duniya suka haɗa, ya fi su, domin ya ɗauki ɗan shekara 3 har zuwa 95, sai dai baƙaƙen fatar da ke cikinsa 'yan Amurka ne, ba mutanenmu ba. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina raba lissafi da launin fata, a koma GLI Global na 2022, wanda ba ya duba launin fata. Shi nake amfani da shi, kuma nakan rubuta sunansa a kan takardar. Duk wanda ka zaɓa, kada ka sauya shi tsakanin zuwan majinyaci na farko da na biyu.

Tsawo kuwa a auna, kada a tambaya. A cire takalmi, hula da rawani, mata su kwance ɗaurin kallabi. Mai doro ko wanda ba ya iya miƙewa, a auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, hannuwa a buɗe.

Shekaru sun fi ba ni wahala. Dattijo zai ce, "Ai na kai sittin." Sai in ce, "Baba, da aka kashe Sardauna kana ina?" Janairun 1966 ke nan. In ya ce lokacin har ya fara bin babansa gona, to sittin ta yi kaɗan, kuma in ka rage masa shekaru, na'urar za ta nemi ya yi busar da ta fi ƙarfin tsufansa.

Kowace safiya a gwada na'urar da sirinjin lita 3. Ta nuna tsakanin lita 2.91 da 3.09. Daga majinyaci kuwa, a samu busa uku masu kyau, biyun da suka fi girma kada tazararsu ta wuce mililita 150.

Wajen karanta sakamako, ban yarda da dogaro da kashi 80 cikin ɗari na abin da ake sa rai, ko 0.70 na FEV1 (iskar da ya hura a daƙiƙar farko) bisa FVC (jimlar iskar da ya hura) ba. Wannan 0.70 kan laƙaba wa tsoho lafiyayye toshewar hanyar iska, ta kuma bar matashi mai ciwo ya wuce. Duba LLN, wato iyakar ƙasa ta masu lafiya, inda makin z, mai nuna nisan sakamakon mutum daga abin da ake sa rai, yake -1.645. Ko ita ma, mutum ɗaya cikin lafiyayyu ashirin zai faɗo ƙasa da ita. Don haka wanda ya tsaya a bakin iyaka, tambaye shi batun tari, taba, hayaƙin itacen girki da tsohon tarin fuka kafin ka rubuta komai.