Yadda za ka farfaɗo da tsohon shagon wasan bidiyo a cikin gidanka

Wanda ya tashi a Jidda a shekarun 1990, a Karantina ko Sabil, da wuya ya manta da shagunan nan masu duhu-duhu inda ake jera akwatunan wasa masu tsayin mutum, yara suna cincirindo bayan sallar La'asar, kowa da riyal ɗinsa a dunƙule cikin hannu. Tun da PlayStation ya shiga gidaje shagunan suka fara mutuwa, amma mai sha'awa zai iya dawo da mafi yawan abin a kusurwar majalisinsa.

Ka fara da zaɓen wasa, kuma kada ka tara da yawa. Street Fighter II, wasan faɗa wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1991, ya wadatar da farko, kuma yana cikin tarin Capcom Arcade Stadium da ake saya ta intanet don kwamfuta ko na'urar wasa ta Switch. Akwai kuma manhajar MAME, wadda ta fito a 1997 don kwaikwayon ainihin na'urorin, sai dai ba ta zuwa da wasanni, saitinta kuma yana buƙatar haƙuri.

Inda ya kamata ka kashe kuɗi shi ne sandar sarrafawa. Ka nemi mai dunƙulen kai da maɓallai shida, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa, domin haka aka tsara wasan tun asali. Ka sayi guda biyu. Hannun da ya saba da jin "ƙas-ƙas" ɗin sandar ba zai gamsu da ƙaramin abin riƙewa na zamani ba, ko da yaranka za su yi maka dariya, kamar yadda nawa suka yi.

Don allo, tsohuwar talabijin mai ƙugu ta fi dacewa, kuma akan dace da ita a kasuwar Harajin Sawarikh da ke kudancin Jidda. Ka sa a kunna maka ita kafin ka biya, ka kuma duba irin ramin wayar da ke bayanta, domin za ka buƙaci ƴar na'urar da ke haɗa HDMI, wato wayar hoto ta kwamfuta ko Switch, da shi. Idan sabon allo kake da shi, ka saita hoton a kan 4:3 don kada mayaƙan su yi faɗi kamar an danne su.

Sai ka ɗora komai a kan tebur mai tsayi, a buga a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ka raba wa kowa tsabar riyal uku kacal, wanda aka kayar ya jefa ɗaya a gwangwani ya koma bayan layi, mai jiran juyi kuma ya ajiye tasa a gefen allo don a san shi ne na gaba. Da an kira sallar Magariba sai ka kashe, kamar yadda mai shagon unguwarmu yake yi a wancan zamani ko da ana tsakiyar zagaye na ƙarshe.